Daga Garwa zuwa bakin teku a Kribi: yadda za ka kai iyali hutu ba tare da cin bashi ba

Magidancin Garwa ko Marwa da ke son ya nuna wa 'ya'yansa teku, hawa uku ke gabansa: mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sai wata motar zuwa Kribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru. Yawancin kuɗin da ke zubewa a tafiyar nan a mahaɗar waɗannan hanyoyi yake zubewa. An iso tasha jirgi ya riga ya tashi, ko an tarar gadaje sun ƙare, sai ga kwanan otel da abincin mutum huɗu wanda ba ya cikin lissafi. Jirgin fasinja guda ɗaya ne ke tashi daga Ngaundere kowace rana. Saboda haka ranarsa ake fara tsayarwa, sannan a jera sauran abubuwa a bayanta.

Wane wata za a tafi?

Kribi ƙasar ruwa ce. Satumba da Oktoba ana tafka shi kamar da bakin ƙwarya, ba lokacin kai yara bakin teku ba ne. Disamba zuwa Fabrairu ne sama ta fi washewa, amma makon Kirsimeti da na sabuwar shekara otel kan ƙara kuɗi, jirgi kuma ya cika. Wanda yaransa ke makaranta ya nufi Yuli ko farkon Agusta, cikin dogon hutu, lokacin da ruwan kudu ke ɗan lafawa. Ka guji makon ƙarshe na Agusta da na farkon Satumba, sa'ad da ɗalibai da malamai ke komawa, haka nan kwanakin da ke gab da Sallah.

Ka kuma tsara yadda kwanakinka na Kribi za su faɗo tsakanin Litinin da Alhamis. Daga Juma'a mutanen Duwala da Yawunde ke kwararowa, mai otel ba ya sauraron ciniki. Ranar Talata kuwa ɗakuna a buɗe suke, shi ne zai bi ka da ragi.

Jirgin

Layin dogon da ya haɗa Yawunde da Ngaundere an kammala shi a 1974, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 620, kamfanin Camrail ke tafiyar da shi. Jirgin kan tashi bayan ƙarfe bakwai na yamma, ya bi ta Ngaundal da Belabo da Nanga Eboko, ya shiga Yawunde da hantsi idan ba a samu tsaiko ba. Tsaiko kuwa ana samu, don haka kada ka biya kuɗin wata mota da za ta tashi da safiyar ranar da za ka sauka.

Farashin da aka daɗe ana biya shi ne kusan sefa 10,000 a aji na biyu, 17,000 a aji na ɗaya, 25,000 gado ɗaya a ɗaki mai gado huɗu, 28,000 a ɗaki mai gado biyu. Ka tabbatar da shi a tasha kafin ka rufe lissafi, ka kuma tambayi rangwamen yara. Ga iyali mai mutum huɗu, zuwa kaɗai ya kama 40,000 ko 68,000 ko 100,000.

Aji na biyu ya yi wa saurayi mai jaka ɗaya. Da mace da ƙananan yara ba na ba da shawararsa: cunkoso, kaya a hanya, ba barci, ku isa a gajiye har kwana guda na hutun ya tafi a jinyar gajiya. Arha ba ta ado. Aji na ɗaya shi ne tsaka-tsaki, kowa da kujerarsa mai lamba. Idan akwai tsohuwa ko mai goyo, ka sayi gadaje huɗun ɗaki ɗaya gaba ɗaya, ku rufe ƙofarku, uwargida ta sake, a yi salla a natse. Dabarar da ke rage kuɗi ita ce a bambanta zuwa da dawowa: gado a tafiya don a isa da ƙarfi, kujera a dawowa tunda gida za a je a huta. Ka tuna kuma daren jirgi ya ɗauke maka kuɗin otel na dare ɗaya kowane ɓangare.

Gadaje ne ke fara ƙarewa. Ka nemi tikiti kwanaki kafin ranar, ko ka sa ɗan'uwa a Ngaundere ya saya maka da katin shaidarka. Na dawowa kuma ka saye shi ranar da ka sauka Yawunde, kafin ka fita daga tasha. Mutane da yawa kan bar wannan sai ranar komawa, su ƙare da kwana biyu a gari mai tsada suna jiran wuri.

A cikin jirgi dare na da sanyi, a ɗauki bargo da rigar sanyi ta yara. In an tsaya a tasha cikin dare, kada a riƙe waya kusa da taga, kada a bar jaka a gefenta. A tashoshin ne mata ke kawo zuma da ayaba da abarba, da arha ƙwarai, sai dai jirgi ba ya jiran canji, ka tanadi tsabar 100 da 500.

Isa Ngaundere a kan lokaci

Daga Garwa kusan kilomita 280 ne, amma kada ka auna shi da tsawo. Akwai shingayen jandarma, akwai hawan dutsen Mbe inda manyan motoci ke rarrafe, wata ta lalace ta tare hanya. Ka shiga motar farko ta asuba a kamfani mai tasha da lokacin tashi, irin su Touristique Express, ka bar motar da sai ta cika take tashi. Mutumin Marwa, wanda ke da ƙarin kilomita sama da 200, ya taso tun jajibere ya kwana a Ngaundere. Kwanan da ka shirya ya fi wanda aka tilasta maka arha, ga shi garin na kan tudu da iska mai daɗi, kuna iya kai yara fadar Lamido ko tafkin Tison kafin la'asar.

Masu tasowa daga kudancin Chadi hanyar Mundu zuwa Tuboro ta fi musu, kwalta ce har Ngaundere. Sefar Chadi da ta Kamaru ɗaya ce, babu canji. Sefar Nijar da naira ne ba sa karɓuwa a kasuwa. A riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa mai aiki da katin rigakafin shawara. Ga kowa ma, takardu a hannu suke zama, ba a ƙasan akwati ba: katin manya, takardar haihuwar yara, da kwafinsu a wata jaka dabam. Yaron da ba naka ba kada ka tafi da shi sai da takardar izinin iyayensa.

Yawunde da masauki

Mai ɗan'uwa a unguwar Briqueterie ya tsira daga kuɗin otel, amma a sanar da shi tun da wuri, a faɗi yawan mutane da yawan kwana. A zo masa da kilishin Ngaundere da zuma, abin da ke da daraja a kudu kuma bai ci maka kuɗi sosai ba. Dare ɗaya ko biyu ya isa a ga gidan tarihi na ƙasa, a kai yara gidan namun daji na Mvog-Betsi, a ci tsire a unguwa. Tasi iri biyu ne: na haɗaka, wanda ba ya kai 500 ga mutum a gajeriyar tafiya, da na shata wanda ya ninka haka sau da yawa. Da kaya da iyali ka ɗauki shata, ku gama magana kafin a sa jaka a but. Motocin Kribi a unguwar Mvan suke, tafiyar ta bi ta Edeya, kusan awa huɗu zuwa biyar.

A Kribi, otel da ke kan yashi kuɗin kallon ruwa kake biya. Ka koma layi biyu ko uku cikin gari, ka nemi gidan haya mai kayan ɗaki da wurin girki. Kafin ka biya ka buɗe famfo, ka kunna fanka, ka tambaya ko akwai janareta, ka duba gidan sauro, don sauron bakin teku ba ya hutu. Ka biya dare ɗaya tukuna. In wurin ya yi, ka nemi ragi a kan sauran.

Wurin girki ne ke ceton aljihu. Shayi da burodi da safe, shinkafa da rana daga guzurin da aka taho da shi, dambun nama da yaji da man gyaɗa, sai a bar cin waje sau ɗaya a yini. Wannan ɗayan a yi shi a inda masunta ke sauke kifi: ka zaɓi ɗanye da kanka, jajayen kunnuwa da ido garau, ka yi ciniki, ka ba masu gashi. A raba kuɗin kifi da na gashi da na soyayyar ayaba tun kafin a ɗora a wuta, in ba haka ba lissafi ɗaya za a kawo maka wanda ba ka da bakin musa shi. Naman da ba ka san yankansa ba ka bar shi, kifi da jatan lande sun wadatar.

Ruwan Lobe, mai faɗowa daga dutse kai tsaye cikin teku, yana kusan kilomita 7 kudu da gari, babur ke kai mutum. Kuɗin kwalekwale a yanke shi na zuwa da dawowa, na jirgin duka, kuma ba a hawa da yara sai da rigar ceto. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906 kallonta kyauta ne. Teku kuwa ba Binuwai ba ne. Igiyar da ta komo tana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafa, wanda ya iya iyo a kogi ma tana kayar da shi. Yara kada ruwa ya wuce musu gwiwa, babba na riƙe da hannu, kuma a tambayi masunta inda ba a shiga.

Lissafi

Ga mutum huɗu na mako guda, sufuri kaɗai da aji na ɗaya zai haura 200,000. Ka ɗora masauki da abinci da yawo, ka ware kuɗin tsaraba da adadinsa tun daga gida, don ita ce ke cinye kuɗin komawa: manja, gari, busasshen kifi, a rubuta sunayen waɗanda za a ba, a tsaya nan. A kan jimillar ka ƙara kashi 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa sai ciwo ko tsaikon hanya. Abin da ya fito ka raba shi wata goma, ka shiga adashen da kwasarka za ta faɗo wata guda kafin tafiya.

Kuɗin kada ya zauna wuri ɗaya. Wani a aljihunka, wani wurin uwargida, mafi yawa a asusun waya na Orange Money ko MTN MoMo. Kowace cira da kuɗinta, ga harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka sa tun 2022, don haka a cira mai kauri sau biyu ko uku maimakon kaɗan-kaɗan kullum.

Batun salla: nisan ya wuce na kasaru nesa ba kusa ba. A mazhabar Malikiyya, in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Kribi, cika salla za ka yi daga isarka. In ƙasa da haka ne, kasaru ya ci gaba har ka dawo gida.