Yadda ake kama gafiya, da abin da zaka tsinko a hanyar dawowa

Lokacinta shine bayan kaka, an kwashe gyada da dawa, ciyawa ta bushe, ita kuma ta yi kiba. Da rana tana cikin rami sai dare take fita, dan haka sammako zaka yi ka duba gindin suri ko bakin gonar gyada. In ka ga sabuwar kasa da bawon gyada a bakin rami to tana ciki, in kuwa yanar gizo ce ta rufe bakin wuce abinka, ta tashi.

Raminta ba kofa daya bane, anan yara suke shan kunya. Zagaya ka nemo sauran kofofin ka toshe da dutse da kasa, ka bar biyu, daya ta hayaki daya ta fita. Ka cusa busasshiyar ciyawa da kashin shanu ka kunna kana fifitawa da faifai hayakin na shiga, abokinka na tsaye a dayar kofar da gora, in da kare ma yafi dan wallahi in ta fito kamar an harbo ta. Kuma dan Allah kar ka zura hannu a rami ko da ka ji shiru, maciji na kwana a irin wadannan ramukan, ni da idona na ga kububuwa ta fito maimakon gafiya, ranar ko takalmi ban tsaya dauka ba. In ka buge ta yi bismilla ka yanka tun da ranta, ka babbake, ka cire kayan ciki, ka dafa ta dahu sosai da yaji da daddawa. Wutar kuma a kashe ta da kasa kafin a tafi, karan mutane na jibge a gona.

A hanya duba yadiya, ita ko da rani zaka same ta koriya ta nannade kaya. Tsinki sabon toho, a tafasa a zubar da ruwan farko saboda daci, a matse a kwadanta da kuli da albasa. Magarya da kanya ma lokacinsu ne, cika aljihu. Ganyen da baka sani ba kuwa kaiwa wata tsohuwa ta duba maka kafin ya shiga tukunya.