Yadda Ake Kama Ƙwayar Zarra da Hasken Leza a Jera Ta

Ga ɗaliban fiziks na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da ke Katsina, ga yadda ake wannan aiki a manyan ɗakunan bincike.

Da farko a zuƙe iskar da ke cikin ƙaramin akwatin gilashi ƙaf, sannan a saki tururin rubidiyam (wani irin ƙarfe) kaɗan a ciki. A haska leza mai tsawon zango nanomita 780 daga ɓangarori shida, a saita mitarta, wato saurin kaɗawar haskenta, ƙasa kaɗan da mitar hasken da ƙwayar zarrar rubidiyam ke sha, domin duk inda ƙwayar ta nufa hasken da ke gabanta ya tura ta baya har gudunta ya ragu. Raguwar gudun nan ita ce sanyaya ƙwayar, kuma idan aka haɗa da maganaɗisu ƙwayoyin za su taru a tsakiya. Wannan dabara ce ta jawo wa masanin fiziks Steven Chu da abokansa biyu kyautar Nobel a 1997.

Daga nan a tsuke wani hasken ta gilashin tattara haske mai ƙarfi har ya zama ɗigo, wanda zai riƙe ƙwaya ɗaya kamar hantsaki. Akan yi irin waɗannan tarkunan haske da yawa, kuma kusan rabinsu kan fito babu ƙwaya, saboda haka sai a ɗauki hotonsu, a karkata hasken a hankali, a ja kowace ƙwaya zuwa gurbinta, domin gaggawa na ɗumama ta ta kuɓuce. Kowace ƙwaya ta zama kubit ke nan, wato mafi ƙanƙantar ma'ajin bayani a kwamfutar kwantum.

A ganina, a nan Katsina ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta ne za a fara magancewa kafin a kunna leza.