Kurakuran manazarta da ke sa edita ya maido maka da maƙalarka

Yawancin 'yan zango da ke karatun digiri na biyu ko na uku a jami'o'in KNUST ta Kumasi da Legon ta Accra sun san ma'anar isnadi tun suna makarantar allo da zauren malam: ba a karɓar magana sai an san wa ya ji daga wa. Manazarta a mujallar ilimi aikinta ke nan. Duk abin da ka rubuta a ƙarshen maƙala hanya ce da mai karatu zai bi har ya ɗora hannu a kan abin da kai ka karanta. In ya bi ya ɓata, to manazartar ba ta yi ba, komai kyan jerin waƙafi da aya da ke cikinta.

Kuskuren farko tun kafin a fara rubutu ake yin sa: rashin karanta ƙa'idojin mujallar da za a aika wa. Ɗalibi ya saba da salon da sashensu ya koya masa, sai ya ɗauka ko'ina haka ne. Ba haka ba ne. Tsarin APA, na ƙungiyar masana halayyar ɗan adam ta Amurka, yana son suna da shekara a cikin rubutu, mujallun likitanci galibi lamba suke sawa bisa tsarin Vancouver, masana tarihi kuma sun fi son bayanin ƙasan shafi irin na Chicago. Tsarin Harvard kuwa ba shi da littafi guda da kowa ke bi, kowace jami'a da nata. Maganin mai sauƙi ne: ka sauke maƙala biyu daga fitowar mujallar ta baya-bayan nan, ka ajiye su kusa da kai, ka kwaikwaya.

Ko a cikin APA ɗin ma akwai tsoho da sabo. Bugu na 7, wanda ya fito a 2019, ya daina neman sunan garin da aka buga littafi, ya ce in marubuta sun kai uku a sa sunan na farko da "et al.", wato "da sauransu", tun daga ambaton farko, kuma a rubuta lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, a matsayin cikakken adireshin intanet. Har yau ina ganin maƙalun da rabinsu bugu na 6 ne, rabi na 7, saboda an kwaso daga kundin wani yaya da ya gama tuntuni.

Inda muka fi shan wahala shi ne sunaye. An gina waɗannan tsare-tsare ne a kan mutanen da ke da sunan dangi tsayayye, mu kuwa sau da yawa sunan mahaifi ne, ko na gari, ko laƙabi. Sai ka ga an jera mutum a ƙarƙashin Alhaji ko Malam ko Shehu, alhali waɗannan girmamawa ce, ba ta shiga jerin manazarta. Cire ta ba raini ba ne. A cikin jimla kana iya girmama shi yadda ka so. Sannan ga rubutun suna a Ghana: Issah da Isa, Iddrisu da Idris, Fuseini da Husaini, Mohammed da Mahama. Kada ka gyara wa marubuci sunansa don kana ganin naka rubutun ya fi kusa da Larabci. Yadda ya buga shi a kan maƙalarsa, haka za ka rubuta, domin da wannan rubutun ne za a neme shi a laburare. Ga malaman da, irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi wanda ya rasu a 1934, za ka tarar wani ya kira shi Imam Imoru, wani ya rubuta sunansa da sigar Larabci mai tsawo. Zaɓi siga ɗaya, ka faɗa wa mai karatu sau ɗaya cewa mutum guda ne, ka tsaya a kanta.

Sai hirar baka, wadda ita ce jarin duk mai bincike a kan unguwannin zango irin su Aboabo ko Asawase ko Nima. A APA, hirar da ba a adana ta inda wani zai iya samu ba, a cikin rubutu kawai ake ambatonta da suna da cikakken kwanan wata, ba ta shiga jerin ƙarshe. Mutanen da ka tattara bayanansu a matsayin mahalarta bincike kuwa ba a yi musu manazarta sam, a sashen dabarun bincike ake bayaninsu. Mujallun tarihi su kan nemi wanda aka yi hira da shi, da wuri, da rana. Ko wane tsari ne, "wani dattijo ya ce" ba madogara ba ce. Kuma ka nemi izinin Baba kafin ka buga sunansa, musamman in zancen ya taɓa rikicin sarauta ko limanci. Wannan ya fi ƙa'idar mujalla nauyi.

Takardun ma'adana ma ana yi musu sakaci. Rubuta PRAAD kawai, wato sunan ma'adanar takardun ƙasar Ghana, bai isa ba, tunda akwai reshe a Accra, akwai a Kumasi, akwai a Tamale. Faɗi reshen, da cikakkiyar lambar fayil, ko da ADM ta fara ko da ARG, da taken takardar da ranarta. In ka rubuta NAG, tsohon sunan ma'adanar kafin dokar 1997, edita mai ido zai yi zargin ba ka taka ƙafa can ba, daga wani tsohon littafi ka kwafo. Wannan ya kawo mu ga babban laifi: ambaton abin da ba ka gani ba. Ba abin kunya ba ne ka ce wane ya faɗa kamar yadda wane ya ruwaito. Abin kunya shi ne ka gaji kuskuren wani ka sa hannu a kai. Rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon su ma kowanne da lambarsa, a sa ta.

Alƙur'ani sura da aya ake bayarwa, ba shafi ba, sannan a faɗi fassarar wa aka ɗauko. Hadisi a faɗi littafi da babi da lamba da bugun da aka duba, domin lambobin kan bambanta. Dokar ƙasa da sunanta da shekara da lambarta take tafiya, kamar dokar haƙƙin mallaka ta 2005 mai lamba 690. Ƙidayar jama'a ta 2021 marubucinta Ghana Statistical Service ne, kuma rahoton juzu'i-juzu'i ne, a faɗi wanne. Kundin digirin da aka rubuta a Kumasi tsakanin 1966 da 1998, sunan jami'ar KNUST a lokacin UST ne, a bar shi yadda yake a bangon.

Manhajojin tsara manazarta irin su Zotero da Mendeley suna rage gajiya ƙwarai, amma abin da ka zuba musu shi suke fitarwa. Manazartar da Google Scholar ke bayarwa sau da yawa babu lambar fitowa ko shafi, wani lokacin ma ta juya suna ta mai da na yanka na dangi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fi haka muni, don su kan ƙago maƙalar da babu ita, da sunan marubuci na gaske da lambar DOI ta bogi. Kafin ka aika, danna kowace DOI ka ga inda ta kai ka. Sannan ka buga maƙalar a takarda, ka ɗauki biro, duk sunan da ke cikin rubutu ka nemo shi a jerin ƙarshe ka yi masa alama, duk wanda ya rage babu alama ka cire shi.