Shirin JAMB: Abin da Nake Faɗa wa Ɗalibaina Kowace Shekara

Ni malamin Kimistiri ne a wata sakandare a Kano, da yamma kuma ina yi wa 'yan aji shida da waɗanda suka gama darasin shirin JAMB. Babu abin da ke ƙona mini rai a wannan aiki kamar in ga yaro ya ci jarrabawa amma ya ƙare a zaune a gida. A gidanmu ma ya faru. 'Yar yayata ta sami maki sama da 240, har an fara kiranta 'yar jami'a. Sunaye suka fito rukuni na farko, na biyu, shiru. Daga baya muka gano cewa ta yi rijista tun sakamakonta na NECO bai fito ba, da ya fito kuma babu wanda ya koma ya ɗora shi a shafin JAMB. Shekara guda ta salwanta a kan aikin da bai wuce na rabin awa ba.

Shi ya sa yanzu ba na fara darasi da littafi, da maganar rijista nake farawa.

Ka nemi layin waya naka na kanka, wanda babu wanda ya taɓa yin JAMB da shi. Da shi za ka tura lambarka ta NIN zuwa 55019 ko 66019 a aiko maka da lambar buɗe bayananka, da shi kuma za ka duba sakamako. Kada ka ari layin mai shago ko na abokinka. Ka adana shi kamar takardar gida, ka riƙa sa masa kati don kada a rufe shi. Haka adireshin imel, ya zama naka, ka rubuta kalmar sirrinsa a littafi. Tun yanzu ka ɗauko takardarka ta NIN ka gwada ta da sunan da ke kan WAEC ko NECO ɗinka. A nan 'yan Arewa muke yawan shan wahala: a wannan takarda Muhammad, a waccan Mohammed, a wata sunan kaka ya rigayi na uba. JAMB daga NIN take ɗaukar suna da ranar haihuwa, don haka gyaran da za ka yi, ka yi shi watanni kafin a buɗe rijista. Ranar rijistar kuma ka je cibiyar da hukumar ta amince da ita, ka sa ido a kan allon kwamfuta, ka karanta kowane layi kafin a tura. Mai buga bayanan yana da layin mutane a bayanka, sauri yake yi. Kai ne za ka zauna da kuskuren.

Sai haɗin darussa. Huɗu ake zaunawa, Turanci dole ne, sauran ukun kwas ɗin da kake nema ne ke zaɓa maka su. Likitanci yana son Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Injiniyanci yana son Lissafi, Fizis da Kimistiri. Mai neman aikin lauya ya lura da Adabin Turanci. Duk wannan yana cikin littafin jagora na JAMB da ke shafinta, kyauta, har da ƙa'idar kowace jami'a. Wanda ya zauna darasin da kwas ɗinsa bai nema ba, ko maki 300 ya samu, ba za a kalle shi a wannan kwas ɗin ba. Kuma mai neman fannin da ke karɓar Hausa, Larabci ko Addinin Musulunci, kada ya raina su don ganin ido. Idan nan ƙarfinka yake, nan za ka kwashi maki.

Jarrabawar kanta tambaya 180 ce cikin awa 2: Turanci 60, sauran 40-40, jimillar maki 400. Raba ka gani, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yawancin ɗalibaina sun san amsa, lokaci ne ke kayar da su. Don haka bayan ka sauke manhajar kowane darasi ka bi ta babi-babi, ka ware rana ɗaya a mako ka ɗauko tambayoyin shekarun baya, ka ajiye agogo, ka zauna awa 2 cur ba tashi. Ka ba kanka maki da gaskiya. Amfanin yana wurin waɗanda ka faɗi: ka koma littafi ka gano dalilin. Haddace amsa A ko C ba ya kai kowa ko'ina, don ana juya tambaya.

Turanci shi ne ciwonmu, ba zan ɓoye ba. Kullum ka karanta shafi ɗaya na jarida, ka rufe, ka faɗi abin da ya ce da bakinka. Littafin labarin da JAMB ta sa a shekarar, ka karanta shi da kanka tun daga farko har ƙarshe, ka bar taƙaitawar da ake yawo da ita a WhatsApp.

Tun 2015 aka koma yin jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta, amma har yau ina samun yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Waya daban, kwamfuta daban. Ka nemi inda za ka taɓa ta ko sau biyar ne. Maɓallan kaɗan ne: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki, shi kuwa kada hannunka ya kusance shi sai ka gama. Idan da hali ka yi jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa. Ranar ta gaske ka fara da darasin da ka fi iyawa, tambayar da ta cije ka wuce ta ka dawo, kuma kada ka bar ko ɗaya babu amsa.

A sakamakon farko da aka fitar a 2025, sama da mutum miliyan ɗaya da rabi ne suka kasa kai maki 200, cikin kusan miliyan biyu da suka zauna. Idan ka haye 200, ka yi ƙoƙari, amma dabara ta rage. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'ar ke ɗauka, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, kuma yawancin jihohinmu suna ciki. Wato Bakano ko Bakatsine ya fi samun ƙofa a jami'o'in yankinsa. Sai dai kowa BUK da ABU yake so, kowa likita ko lauya. Ina gaya wa iyaye wannan kai tsaye: idan makin yaro bai kai na likitanci ba, a bar shi ya sauya kwas ko jami'a da wuri, tun ana karɓa. Akwai ta Dutse, akwai ta Dutsin-Ma, Gusau, Kashere, Gashuwa, ga na jihohi. Wanda kuma abin bai yiwu ba bana, IJMB (karatun share fagen shiga jami'a) ko NCE ko difloma suna kai mutum aji biyu na jami'a.

Da sakamakon sakandare ya fito, kiredit biyar har da Turanci, da Lissafi in kwas ɗinka yana nema, ka garzaya cibiya a ɗora shi, sannan ka shiga shafinka ka tabbatar da idonka ya hau. Ka bibiyi sanarwar tantancewa ta jami'ar da ka zaɓa. Tun 2017 duk gurbin karatu ta tsarin CAPS yake bi, wato sashen shafin JAMB da ake ba da gurbi ta cikinsa. Ka riƙa leƙawa duk mako, idan an ba ka, ka karɓa, kada ka bar shi yana jira. Gurbin da bai bi ta nan ba, ranar tafiya bautar ƙasa za a ji jiki. Wanda kuwa ya kira ka ya ce zai ƙara maka maki idan ka turo kuɗi, ɗan damfara ne, kashe wayarka.

'Yar yayar tawa ta sake zama a shekarar da ta biyo baya. Ni na raka ta cibiyar, na tsaya a bayan mai kwamfuta har sai da na ga sakamakon NECO ɗinta ya bayyana a allo, na sa aka buga mana takardar, muka kawo wa mahaifiyarta.