Yadda Ake Tantance Neman Izinin Gina Katafaren Kanti a Wajen Gari

A Ingila, tun 1996 manufar gwamnati kan tsara birane ta fifita gina shaguna a tsakiyar gari, kuma tsarin da ake bi ya cancanci a koya.

Da farko a tambayi mai neman izini: ya duba fili a cikin kasuwar gari? In babu, sai gefenta, wato tazarar da ba ta wuce mita 300 daga babban layin shaguna ba. Sai an rasa duka biyun ake maganar wajen gari. A nan ake yawan yin kuskure. Kamfani kan zana gini mai faɗin da ya san babu filin da zai ɗauke shi a gari, ya ce ya nema bai samu ba. Kada a yarda. A buƙaci ya nuna ko zai iya rage girma ko ya yi bene.

In ginin ya haura murabba'in mita 2,500, wajibi ne a auna illarsa ga cinikin gari, sai dai in ƙaramar hukuma ta sa nata ma'auni. A ƙirga shagunan da ke rufe yanzu, a ƙiyasta cinikin da zai ƙaura, musamman na tufafi da kayan gida, domin su ke jawo masu saye. Bayan buɗe Merry Hill, wata katafariyar cibiyar shaguna a wajen garin Dudley, a shekarun 1980, manyan shaguna sun fice daga tsakiyar Dudley, ƙanana suka rasa masu wucewa.

Sannan a duba hanya: wanda ba shi da mota, bas za ta kai shi?