Yadda Ake Gwada Manhajar Android a Kan Waya Daga Kwamfuta

Wayar kwaikwayo da ke cikin Android Studio, wato manhajar kwamfuta da ake ƙirƙirar manhajojin Android da ita, tana da nauyi ƙwarai a kan kwamfutar da ba ta da ƙarfi, shi ya sa gwaji a kan wayar hannu ya fi sauƙi, kuma ya fi nuna yadda manhajar za ta yi aiki a hannun jama'a.

Da farko, ka shiga Settings, ka buɗe About phone, sannan ka taɓa Build number sau 7 a jere har wayar ta sanar da kai cewa an buɗe maka sashen masu ƙirƙirar manhaja.

Bayan haka, ka nemi wannan sashen, wato Developer options, wanda galibi yake ƙarƙashin System, ka kunna USB debugging, wanda ke ba kwamfuta damar yin gwaji a kan wayar ta kebul.

Sai ka haɗa wayar da kwamfuta da kebul, kuma a nan ne matsala ta fi yawa, domin wasu kebul ɗin caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai. Idan saƙon neman izini ya fito a fuskar wayar, ka amince. Domin tabbatarwa, ka rubuta adb devices, umarnin da ke nuna wayoyin da ke haɗe da kwamfuta, a tagar umarni ta kwamfutar. Idan lambar shaidar wayar ta bayyana da kalmar unauthorized a gefenta, to ba a ba da izinin ba tukuna, idan kuwa ba ta bayyana ba sam, ka canja kebul ko ka saka direban kamfanin wayar a kwamfuta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane wayar, musamman a Windows.

Daga nan sai ka zaɓi sunan wayar a saman Android Studio, ka danna Run.