Darasi na Bakwai: Idan Kamfanin Inshorar Lafiya Ya Dame Ka da Kira

Wannan darasi na dattawanmu ne mazauna Amurka da suka ajiye aiki, da kuma 'ya'yan da ke ɗaukar musu waya. A karanta shi a aji, a ɗaga murya, kada a yi sauri.

Medicare shi ne inshorar lafiya na gwamnatin Amurka. An kafa shi a 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, don waɗanda suka kai shekara 65. Daga baya aka haɗa da wasu masu nakasa. Hanyarsa biyu ce. Ko gwamnati ta biya asibiti da kanta, ko mutum ya shiga Medicare Advantage, inda kamfani mai zaman kansa ke riƙe da shi, gwamnati tana biyan kamfanin duk wata a kan kowane mutum. Fiye da rabin masu Medicare yanzu a hannun kamfanoni suke. Duk dattijon da aka shigar, kamfani ya samu kuɗi, dillali ya samu la'ada. Shi ya sa wayarka ba ta hutawa, musamman daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, lokacin da aka buɗe ƙofar sauya tsari.

Mai kiran da ba ka sani ba

Yakan yi magana da ladabi. Zai ce akwai ƙarin alherin da ke jiranka: gyaran haƙori, tabarau, katin sayen abinci. Sai ya ce, "Ɗauko katin nan naka mai ja da fari da shuɗi, karanto min lambar." A nan za ka tsaya. Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 11 ita ce abin da yake nema. Da ita za a iya sauya maka tsari, ka je asibiti a ce likitanka na shekara da shekaru ba ya cikin jerin likitocin sabon kamfanin, ko maganin sukarinka ya ƙara tsada.

Doka tana bayanka. An hana dillali ya kira ka don talla in ba ka ba shi izini ba. An hana shi ya ƙwanƙwasa ƙofarka ba gayyata. An hana shi ba ka tsabar kuɗi, ko kyautar da ta wuce dala 15, don ka shiga. Ita kuma hukumar Medicare ba ta kiran mutane don sayar musu da komai, ba ta kuma zuwa gidan kowa.

Amma a kula da yadda ake ba da izini ba a sani ba. Wata takarda takan zo ta gidan waya, kamanninta kamar na gwamnati, a ce a cike a mayar. Ko talla ta fito a talabijin da lamba a ƙasa, mutum ya buga don ya ji bayani. Da ka cike takardar ko ka bar musu lambarka, ka buɗe musu ƙofa ke nan.

Kiran kamfaninka

Wannan ya fi wuyar ƙi, don kamfanin da kake ciki yana da damar kiranka. Za su ce za su turo maka nas har gida, kyauta, ta duba ka. Takan zo da jaka da abin awon hawan jini, ta ce ka fito da duk kwalaben maganinka a jera a tebur, ta yi ta tambaya tana rubutawa a kwamfuta. Yawanci ba magani za ta ba ka ba.

Akwai wanda ziyarar ke yi wa amfani, kamar tsohon da ke zaune shi kaɗai, fita tana masa wuya. Sai dai ya kamata ka san dalilin nacin. Gwamnati tana ƙara wa kamfani kuɗi gwargwadon cututtukan da aka rubuta a sunanka. A Oktoban 2024 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta Amurka ya ƙiyasta cewa a 2023 kamfanoni sun karɓi dala biliyan 7.5 a kan cututtukan da aka rubuta ta irin wannan awo da bitar takardun da ke tare da shi, alhali babu wata shaida cewa an yi wa mutanen jinyarsu. Abin da ya fi damuna ke nan: a rubuta wa tsoho ciwo, ba wanda ya waiwaye shi da magani.

Ziyarar ba dole ba ce. Ƙin ta ba ya rage maka komai a inshorarka. Mu an rene mu da "baƙonka annabinka", muna jin nauyin mayar da mutum daga bakin ƙofa. Amma wanda aka turo da aikin kamfani, ce masa a'a ba rashin mutunci ba ne.

Karanta wannan hira

"Baba, wa ke kiranku tun safe?"
"Mutanen inshora ne, wai za su turo nas."
"Kuna so ta zo?"
"Ina da likitana. Amma ina tsoron kada su yanke ni."
"Ba za su yanke ku ba, Baba. Ku ce ba kwa buƙata, su cire lambarku daga jerin masu kira."
"In sun sake kira fa?"
"Sai mu rubuta rana da sa'a da sunan mai kiran, mu kai ƙara."

Inda za a nemi taimako

Lambar Medicare ita ce 1-800-633-4227. Can ake kai ƙara, kuma kana iya neman tafinta kyauta. Kowace jiha tana da shirin SHIP, masu ba da shawara kyauta waɗanda ba sa cin la'adar kowa. Don rage kiran 'yan talla, buga 1-888-382-1222 da wayar da kake so a yi wa rajista. Wannan ba ya hana 'yan damfara, su sai dai ka kashe wayar. Idan kuma an riga an sa ka a tsarin Medicare Advantage da bai dace da kai ba, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris kana da damar sauyawa sau ɗaya, ko ka koma hannun gwamnati.

Aiki

1. Wane abu ne ba za ka karanta wa baƙon mai kira ba?
2. Me ya sa kamfani ke nacin turo nas?
3. Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai kira, ɗaya ya ƙi da ladabi. Sai ku sauya.
4. A gida, rubuta sunan likitanka da sunayen magungunanka a takarda, ka ajiye kusa da waya. Ka zo da ita aji mako mai zuwa.